Irin Na Muntaka

Zailani kafinta ne tun kafin gemu ya fito masa. A Jahun aka haife shi, a can ya koyi riƙon zarto a wajen kawunsa, yana haɗa benci da ƙyaure da kujerun tsugunno na mata. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka ce Dutse ce hedikwata, duk mai sana'ar hannu a ƙasar nan sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Ma'aikata na ta kwararowa daga Kano, kowa na neman gado da tebur da wurin rataye riga. Zailani ya ɗaure kayan aikinsa a buhu, ya ɗauko matarsa Mu'minatu da 'yarsu Asma'u tana goye, ya zo ya kafa rumfar kwano a bayan tashar mota, gindin wata darbejiya.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da guntun fensir a bayan kunne, har masallaci da shi yake shiga sai wani ya taɓa shi ya tuna masa. Halinsa biyu kowa ya sani. Na farko tsabta: in ba zarto ne a hannunsa ba, to tsintsiya ce, har maƙwabta na cewa rumfarsa ta fi ɗakin amarya shara. Na biyu son yabo. Ka ce masa aikinsa ya yi kyau, ka gama da shi, ranar ko bai ci abincin rana ba yunwa ba ta kama shi. Sai dai yabon nan dole ya zama na abin da hannunsa ya yi. Wanda bai cancanta ba tsaya masa yake yi a wuya kamar ƙayar kifi.

A shekarun nan direbobin tasha sun kamu da son kiɗa a mota. A ƙauye an daɗe da sanin dabarar, a kifa sifika a bakin tulu sai muryarta ta yi kauri. To amma tulu ba ya jure hanyar Kiyawa. Wasu suka koma kwali, wasu garwa, sauti yana fita kamar ana zagin mutum ta hanci. Da haka aka fara leƙo rumfar Zailani ana cewa ya ƙera wa sifika akwati. Shi kuwa yana yi, akwati huɗu-huɗu, ya toshe kowace kafa da gam, ya goge da samfefa, ya miƙa.

Wata ranar farkon damina ta shekarar casa'in da bakwai sai ga Muntaka. Dogo ne, baki gare shi kamar rediyo, yana jan wata farar fijo mai layin kujera uku tsakanin Dutse da Jahun da Kafin Hausa. Ya dire wata ƙatuwar sifika a kan teburin Zailani, mai inci goma sha biyu, irin wadda direbobi ke kira wufa.

"Malam Zailani, daga Kano na ɗauko ta. Akwati nake so, amma mai rami."

"Rami kamar yaya?"

"Rami dai. Na gani a motar wani Alhaji. A gaba, gefen sifikar, an huda an zura bututu. In an kunna, iska na fita ta nan kamar mota na numfashi."

Zailani ya dube shi ya dubi wufar. "Wato in kashe kaina in toshe ko'ina da gam, in na gama kuma in ɗauko abu in huda? Mutumina, ka tabbata ba ɓera ne ya ci akwatin Alhajin ba?"

Muntaka ya rantse ya sake rantsewa. Zailani ya ce shi ke nan, mai kaya shi ke da magana. Ya yanka katakon filawud mai kauri, ya haɗa, ya huda, ya samo guntun baƙin bututun ruwa wajen masu aikin famfo, ya yanki taƙi ɗaya don shi ne tsawon da ya yi masa kyau a ido, ya zura, ya ɗaure wufar da ƙusoshi takwas. Babu wani lissafi a ciki. Da bututun ya fi haka tsawo ko gajarta, da haka nan zai zura shi.

Ranar da Muntaka zai zo ɗauka, injin fijo ya buga a Shuwarin. Mota ta kwanta wajen bakanike sati shida. Akwati ya hau can saman kanta a rumfar Zailani, kusa da kwano, aka manta da shi ruwa na ta zuba.

Da mota ta tashi Muntaka ya zo a gaggauce, fasinja na jiransa. Zailani ya sauko da akwatin, ya kaɗe shi, ya buga 'yar ragar waya a bakin bututun don kada gero ya zuba a ciki, suka cusa shi a but bayan kujerar ƙarshe. Mai gyaran rediyo ya haɗa wayoyi. Muntaka ya tura kaset ɗin da ya fi so, wani kiɗan ganga da aka ɗauko a bikin wani gari, ya murɗa.

Tasha ta tsaya. 'Yan kamasho da ke ihun Jahun, Jahun suka yi shiru baki sake. Kofunan mai shayi suka fara kaɗawa a kan tebur. Ba ƙara ce ta yi yawa ba, don akwai motocin da suka fi wannan ƙara. Amon ne ya sauko ƙasa, mai kauri, mai laushi, ba a kunne kake jin sa ba, a ƙirji. Kowane bugun ganga sai ka ji kamar an dafa ka. Wani tsoho da ya riga ya shiga gaba da zakaransa ya leƙo ta taga ya tambaya ko makaɗan suna cikin but ne.

Muntaka ya fito ya ɗaga Zailani sama cak, ƙafafunsa na reto. "Wallahi kai injiniya ne! Jama'a, ku zo ku ga injiniya!"

Ranar Zailani bai taka ƙasa ba har ya isa gida. Ya ba Mu'minatu labarin sau uku, kowane karo kofunan mai shayi na ƙara yawa.

Daga nan ya bar gado da tebur. Direbobi suka yi masa caa, daga Miga, daga Haɗeja, har da wani mai bas daga Birnin Kudu, kuma duk maganarsu ɗaya ce: irin na Muntaka. Zailani yana da awon a rubuce jikin ƙyauren rumfa, tsawo da faɗi da zurfi da taƙi ɗaya na bututu. Ya yi na biyu daidai da na farko. Aka kunna, ya yi ƙara, mai shi ya yi godiya ya tafi. Amma Zailani ya ji abin da ya ji. Amon yana dukan kunne, yana da wani ɗumm kamar an buga garwa, bai sauko ƙirji ba. Ya ce ƙila katakon ne. Na uku ya sayi katako a shagon da ya sayi na farko. Haka dai. Na biyar, na goma, na ashirin, duk garwa.

Direbobi ba su yi faɗa ba, don akwatunan sun fi kwali nesa ba kusa ba. Sai dai lokaci lokaci wani ya ce, "Injiniya, nawa bai kai na Muntaka ba fa." Zailani ya tanadi amsoshi kamar mai sayar da magani. Batirinka ne ya yi sanyi. Wufarka ba ta kai tasa ba. Motarka ce ba ta da ciki irin na fijo. Wasu lokutan shi kansa yana kusa yarda da abin da yake faɗa. Ya sha roƙon Muntaka ya bar shi ya sake duba akwatin, Muntaka ya ce ko kusa. "Abin da yake lafiya ba a kai shi asibiti. Ko kai da ka yi shi ban yarda ka taɓa ba."

Shekara uku ana haka. Suna ya yi nisa, Zailani ya canja kwanon rumfa, ya sayi keke sabo. Amma duk sanda fijo ta shigo tasha tana wannan gunjin nata mai daɗi, mutane suka waiwayo suka dube shi da murmushi, sai ya kau da kai. Tsoro yake ji, tsoron cewa bai iya ba. Sau ɗaya abu ya faɗo masa a hannu bai san ta ina ba, kuma sunan da yake ci da shi ba nasa ba ne.

Da daminar shekarar dubu biyu aka ƙaddamar da shari'a a jihar, tasha ta ɗan canja kama. Kaset ɗin wa'azi da na karatu suka yi yawa a gaban motoci. Masu son ganga ba su daina ba, sai dai su rage murya a cikin gari, in an wuce gidajen ƙarshe a murɗa. Aka fara samun wani malami yana zama a masallacin tasha bayan la'asar. Zailani na zuwa, fensirinsa a kunne, yana jin daɗin zaman, musamman in ana maganar masu tauye mudu, don yana da wani mai awo da ya daɗe yana zargi.

Wata la'asar malamin ya bar mudu ya koma kan masu sana'a. Ya ce duk wanda aka ce ya kawo abu kaza, ya kawo wani daban ya kira shi da sunan wancan, alhali ya san ba shi ba ne, to ya yi algus, ko da mai saye bai gane ba, ko da ya yi godiya. Malamin ba ya ma kallon ɓangaren Zailani, wata akuya yake kora da ido daga bakin ƙofa. Amma Zailani ji ya yi kamar an kira sunansa da na ubansa.

Ya koma gida tun rana ba ta faɗi ba. Mu'minatu ta kawo tuwo, ya yi loma biyu ya janye hannu.

"Baban Asma'u, miyar ce ko wani ya ce aikinka bai yi kyau ba?"

Ya gaya mata komai, har amsoshin batir da ya riƙa bayarwa. Ta saurara har ya gama. Ita mace ce mai dariya kusa, amma ranar ta riƙe.

"To ai da sauƙi. Ka daina cewa irin na Muntaka ne, sai ranar da ya zama irin na Muntaka."

Washegari kuwa sai ga gwaji ya zo da ƙafarsa. Alhaji Mammadu, dattijon direbobin tasha, wanda kowa ke rusuna wa, ya sayi sabuwar bas, ya zo da kansa ya ce a yi masa irin na Muntaka. Zailani ya rusuna ya gaishe shi.

"Alhaji, akwati zan iya yi maka. Amma irin na Muntaka, gaskiya ban iya ba."

Alhaji Mammadu ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne, ya gyara hula ya tafi, kafin azahar kuwa magana ta zaga tasha. Wasu suka ce Zailani ya fara girman kai. Wasu suka ce asiri ne aka yi wa akwatin farko, kuma malamin da ya yi ya rasu. Muntaka ya zo da kansa yana huci, don an fara cewa shi ya hana. Zailani ya kama hannunsa ya roƙe shi don Allah ya ba shi akwatin na yini ɗaya. Da ma mota za ta shiga juyen mai ranar, sai Muntaka ya sauko.

"Da ido kawai, ka ji ko? Da ido."

Zailani ya ɗora akwatin a tebur ya auna shi ta ko'ina. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, zurfi ɗaya da wanda ke rubuce a ƙyaure. Ya ƙwanƙwasa katakon, ya shinshina shi ma. Da ya rasa abin yi ya cire 'yar ragar wayar, ya haska tocila cikin bututun. Can ciki sai ya hango laka. Zanzaro ne ya yi gini, tsohon gini busasshe, ɗaki a kan ɗaki, ya cinye kusan rabin faɗin bututun.

Kunya ta kama shi. Aikinsa da ake nunawa a garuruwa, ashe da ƙazanta a cikinsa shekara uku! Da wani ne ya gani fa? Bai tsaya tunani ba, hannu ya riga kai. Ya ɗauko sukudireba ya kankare lakar tas, ya kifa akwatin ya zazzage, ya naɗa tsumma a sanda ya goge bututun har yana ƙyalli, ya mayar da raga. Sannan ya share ɓurɓushin ya tara a gefe, ransa fes.

Da yamma aka mayar da akwati cikin fijo. Direbobi suka taru don kowa na son ya ji abin da injiniya ya gano. Muntaka ya tura kaset ɗin gangarsa ya ɗan murɗa. Ɗumm. Ɗumm. Garwa.

Muntaka ya kashe, ya sake kunnawa. Ya bubbuga rediyon. Ya fito a hankali, wanda ba halinsa ba ne.

"Me ka yi masa?"

Zailani ya riga ya gane. Tun bugun farko abin ya sauko masa gaba ɗaya. Yana iya cewa batir ne, amsar na nan a bakin harshensa, ta saba fita. Ya juya ya shiga rumfa, ya kwaso ɓurɓushin lakar a tafin hannu, ya dawo ya buɗe a gaban jama'a.

"Share shi na yi. Wannan ne a cikin bututun. Gidan zanzaro ne, ya yi shi lokacin da motarka ke wajen bakanike. Shi ya rage faɗin ramin, shi ya ba akwatin muryarsa. Ni taƙi ɗaya kawai na yanka. Duk waɗanda na ce wa batirinsu ne, ku yafe mini, ba batir ba ne."

Sai wani ɗan kamasho ya ce, "Ashe zanzaro ne injiniyan!" Tasha ta kece da dariya. Har Alhaji Mammadu sai da ya dafa bas ɗinsa yana share ido da bakin riga. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Zailani da Muntaka. Muntaka ya ciro akwatin da kansa ya dire a ƙofar rumfa, ya ce ba zai sake ɗaukarsa ba sai muryarsa ta dawo, ya ja motarsa ya tafi ba kiɗa.

Sati biyu fijo na zirga-zirga shiru, fasinjojin Jahun suka sha labarin a madadin kaset, kowace tafiya daga farko. Shawara kuwa ta yi wa Zailani yawa. Wani ya ce ya shafa zuma a bakin bututun. Wani ya ce zanzaron Dutse sun zama ma'aikatan gwamnati, sai ya je ƙauye ya nemo mai himma. Abin kunya, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa, shi ne ya mayar da akwatin saman kanta kwana biyu yana satar kallon sama. Zanzaro ko ɗaya bai leƙo ba.

Ya sauko da shi ya ce bari ya yi aikin zanzaro da kansa. Ya kwaɓa laka ya shafa a bututun. Amon ya ɗan sauko, ya yi murna, amma da ya ɗora akwatin a keke ya bi ta kan ramuka biyu don gwaji, lakar ta tsage ta zube. Ya ce to ai faɗi ne matsalar, ya samo siririn bututu ya sa. Amon ya yi kauri kam, sai dai duk bugun ganga iska na fita da fito kamar butar shayi ta tafasa. Ya cire ya jefar. A nan ne ya zauna a kan benci ya yi tagumi, yana tunanin ko ya koma gado da tebur, inda ba a tambayar muryar kowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya dawo gida da guntayen bututu a hannu, ya zube su a tsakar gida yana busa wannan yana busa wancan. Mu'minatu na tsefe wa Asma'u kai tana kallonsa.

"Wai ni kam, dole sai an rage masa faɗi? Ba ka taɓa jin shantu ba ne?"

"Shantu kuma? Wannan aikin inji ne, ba wasan mata ba."

"To injiniya."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da shantu biyu da ta gada wajen innarta, dogayen ƙoren nan masu rami da mata ke bugawa a cinya ranar biki. Ɗaya gajere, ɗaya ya kusa kamu biyu. Ta zauna ta buga gajeren, ya yi amo sama-sama. Ta buga dogon. Amon ya sauko ƙasa, mai kauri, sai da Zailani ya ji shi a ƙirji.

"Bakinsu kusan ɗaya ne," in ji ta. "Dogon ne mai babbar murya. Ko yarinyar nan ta sani."

Zailani ya karɓi dogon shantun ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya dubi matarsa kamar yau ya fara ganinta. Ita kuwa yanzu ta saki dariyar da ta daɗe tana riƙewa.

Da sassafe yana wajen masu aikin famfo. Ya sayi bututu biyu, ɗaya na shiga cikin ɗaya daidai, yadda zai riƙa jan na ciki yana ƙara tsawo ko ya tura ya rage. Ya aro batir da rediyon mota wajen mai gyara, ya sa kaset ɗin ganga. Ya ɗaura gashin kaza da zare a bakin bututun, ya ɗora yatsu biyu a hankali a kan fatar wufar, ya fara ja. Taƙi ɗaya, garwa. Ɗaya da rabi, garwar ta fara lafawa. Da ya doshi biyu sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba: duk sanda babbar ganga ta sauka, gashin kazar na miƙewa tsaye don ƙarfin iska, wufar kuwa ta kusa daina motsi a ƙarƙashin yatsunsa, kamar ta bar wa bututun aikin. Ya ƙara ja, amon ya dushe ya zama kamar ana kiɗa a ƙarƙashin bargo. Ya dawo baya kaɗan kaɗan har gashin ya sake miƙewa. Ya zaro fensir ya ja layi.

Ya sake yi daga farko sau biyar don kada ya zama wata sa'ar ce kuma. Sau biyar yana tsayawa a kan layin nan. Ya ɗauko wani ƙaramin akwati da ke ajiye ya gwada, ya ga shi nasa layin ya fi nisa, sai ya gane kowane akwati da tsawon da yake so, ƙarami ya fi neman dogon bututu. Sabon bututun ya fi zurfin akwatin Muntaka tsawo, don haka ya koma ya sayo gwiwa irin ta masu famfo ya lanƙwasa shi ya kwanta a ciki. Ya goge bakin da samfefa ya yi sumul don kada iska ta yi fito.

Ya aika aka kira Muntaka. Alhaji Mammadu ya ce shi ma zai je shaida, wasu direbobi uku suka cika kujerar baya. Tunda a cikin gari ba a murɗa kiɗa yanzu, suka fita hanyar Kiyawa har suka wuce gidajen ƙarshe, Muntaka ya faka a inuwar wata tsamiya, gero kore shar ta kowane gefe. Ya tura kaset ya murɗa.

Ganga ta sauka. Madubin gaba ya ɗauki rawa. Amon ya taso daga baya ya ratsa kujeru ya zauna wa kowa a ƙirji, mai kauri, mai laushi, kuma ya fi na da fita tas, don 'yar shaƙewar da tsohon ke yi in an ƙure shi babu ita. Alhaji Mammadu ya lumshe ido yana kaɗa kai, ya manta shi dattijo ne. Zailani na zaune a tsakiya, hannayensa a tsakanin gwiwoyi, yana kallon ƙeyar Muntaka.

Muntaka ya bar kiɗan ya yi nisa, sannan ya kashe. Ya buɗe ƙofa ya zaga baya ya ɗaga but.

"Ba ni tocila."

Zailani ya fito ya miƙa masa. Muntaka ya cire ragar da farce, ya durƙusa a kan kwalta da farar rigarsa, ya haska cikin bututun. Ya daɗe yana leƙe, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya zura hannu iyakar inda ya shiga ya shafo, ya fito da yatsunsa ya duba. Ko ƙura babu.

"Babu kowa a ciki," in ji shi.

"Babu."

"To wa ya yi?"

Zailani ya dubi akwatin. Shekara uku ana kiransa injiniya bai taɓa jin abin da ya ji yanzu ba, daɗi ne har idonsa ya cika. Ya goge fuska da hannun riga kamar gumi yake gogewa.

"Ni ne," ya ce.

Alhaji Mammadu ya leƙo ta taga. "To Malam Zailani, yanzu in na ce a yi mini irin na Muntaka fa?"

"Kawo bas ɗin gobe da safe, Alhaji. Na iya."